Jirgin Muttaka Ya Haye Ruwa

A wani ƙauye da ke gefen Auyo, inda gonakin shinkafa suka miƙe har bakin kogi, akwai wani mutum mai suna Muttaka, mai gyaran injin ban ruwa. Duk faɗin fadamar, idan inji ya yi tari ya ɗauke ana tsakiyar aiki, shi ake fara kira. Sai ya ɗaure jakar sifanoninsa a bayan babur, ya bi ta tsakanin gonaki ya iske mai kiran. Mutum ne marar yawan magana, mai kaurin yatsu, kuma duk wankin da zai yi baƙin mai ba ya fita daga ƙarƙashin faratansa.

Da waɗannan yatsun yake wani aiki da mutanen ƙauyen suka yi ta yi masa dariya har suka gaji suka saba. Shekarun baya ya je Kano sayen kayan inji, sai ya ga wani kwali a cikin tsibin kayan gwanjo, da hoton jirgi a jikinsa. Ba irin na alhazai ba ne, ba shi da fukafukai, ga shi kuma yana ratsa taurari. Da ya buɗe sai ya tarar da ƙananan gutsattsarin roba a jere jikin firam kamar ƙayar kifi. Mai kayan ya ce abin wasan yara ne da ya ɓaɓɓalle. Muttaka ya jujjuya su a hannu, ya duba zanen da ke cikin kwalin, ya gane ba ɓallewa suka yi ba, ba a taɓa haɗa su ba ne. Ya zo da shi gida ya haɗa da gam ɗin faci. Jirgin ya fito a karkace, amma tun daga nan abin ya shiga ransa.

Daga baya ya fahimci irin jiragen nan ne da babu su a duniya, sai a fina-finai da kawunan masu zane, waɗanda ake cewa suna tafiya daga wannan tauraro zuwa wancan. Ya samu wani zaure a Watsaf na masu irin wannan sha'awa, wasu a Legas, wasu a Jos, suka koya masa gam ɗin da ya dace da yadda ake goge bakin haɗi da samfefa har ya ɓace, da yadda ake tsinka fenti don kada ya cike zane. Yakan yi odar sabo jefi-jefi, direba ya kawo masa tasha a Haɗeja. A ɗan ɗakin da ke jikin zaurensa ya kafa kanta, jirage suka yi layi a kai.

Amininsa Umara, mai kwale-kwale, wanda kakanninsa suka taso daga bakin Tafkin Chadi, ba ya shiga ɗakin nan ya fita bai tsokane shi ba.

"Muttaka, wannan naka buhu nawa yake ɗauka?"

"Ba buhu yake ɗauka ba."

"To jirgin me ke nan? Nawa ko yana yoyo, yana kai shinkafa kasuwa."

Matar Muttaka, Barira, wadda take yi wa amare zanen lalle, ba ta taɓa yi masa dariya ba. Warin gam ne kawai take ƙorafi a kai.

Wajen ƙarshen sanyi aka kawo masa wanda ya fi duka girma. A hoton kwalin dogon jiki gare shi kamar tarwaɗa, da wani zobe da ya kewaye ƙugunsa, da injina huɗu a baya, da tagogi ƙanana kamar an watsa riɗi. Idan aka gama zai kai tsawon hannun babban mutum, kuma an yi shi yadda za a iya sa masa fitilu a ciki. Muttaka ya ɗora shi a kan sif ya ce sai aikin rani ya lafa.

Aikin bai lafa ba sai da ya kayar da shi. Wata rana da tsakar zafi yana tsugune a gaban wani inji a gonar wani manomi, sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai kira mai gonar, harshensa ya yi nauyi. Bai sake sanin inda yake ba sai a gadon asibiti a Haɗeja, Barira tana zaune a gefensa idanunta sun kumbura. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki.

Magana ta dawo a hankali. Ƙafar ma ta dawo, yana ɗan ja. Hannun dama ne ya naɗe a ƙirjinsa kamar tsuntsun da ruwa ya doka, yatsun a dunƙule. Aka sallame su, aka ce ya riƙa zuwa gashin ƙashi duk ranar Laraba. Wata ma'aikaciya mai suna Mansura ce take duba shi, mai fara'a amma ba ta da sassauci wajen aiki. Takan ba shi ƙwallon roba ta ce ya matsa, ta zuba wake a faranti ta ce ya tsince. Yana yi a gabanta, idan ya koma gida ya jefa ƙwallon ƙarƙashin gado.

Yakan wuni a zaure yana jin ƙarar injina daga fadama. Ta sauti kawai yana gane wanda zobensa ya cinye da wanda ke shan iska, amma ba mai zuwa kiransa. Masu zuwa dubiya su zauna su yi addu'a su tashi. Ya daina shiga ɗakin jirage, ya daina buɗe zauren Watsaf. Wata safiya ya ce wa Barira, "Ki kwashe tarkacen ɗakin can ki raba wa yaran maƙwabta. Wancan na kan sif ma ki haɗa da shi."

Barira ta dube shi ta ce, "To, Malam."

Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda yake zaune, ta sauko da babban kwalin ta buɗe. Ta zazzage kayan, ta ɗauko almakashinta da kwalbar gam, ta fara yanke gutsattsarin daga jikin firam.

"Me kike yi haka?"

"Ka ce na bayar. Na ba kaina. Tunda ba za ka haɗa ba, ni zan haɗa."

Ya kau da kai. Ya ji ƙas, ƙas, almakashi yana cin roba. Ya daure. Da ya saci kallo sai ya ga ta lafta gam a jikin wani ɓangare kamar mai shafa man shanu, tana ƙoƙarin manna shi a bayan jirgin.

"Barira! Injin ne fa wannan, kin juya shi! Bakinsa baya yake kallo. Kuma wa ya ce miki haka ake zuba gam? Zai narka robar!"

"Ni ina na sani? Duk kamarsu ɗaya."

"Cire shi kafin ya kama. Yi sauri! Kawo nan."

Ta miƙa masa. Ya karɓa da hagu, ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗora abin a cinyarsa ya ɗauko dunƙulallen hannun damansa ya danne shi da shi, ya goge gam ɗin da gefen rigarsa. Sai da ya gama ya lura tana kallonsa tana danne dariya. Ya jawo zanen kwalin kusa da ƙafarsa ya ce ta miƙo masa samfefa.

Haka aikin ya fara, kuma ba da daɗi ya fara ba. Hagunsa ba ta san komai ba. Abin da a da yake yi kafin shayi ya huce, yanzu sai ya cinye masa hantsi. Ya sa aka kwance masa ƙarfen matse kaya daga bencin aikinsa aka kafa a kan wani kututture, ya naɗe bakinsa da tsumma don kada ya ci roba. Barira ta ba shi abin matse shanya da matsefatarta. Hannun dama aikinsa danne abu kawai, kamar dutse. Wasu ranakun ya manna ya cire ya sake mannawa har magariba bai wuce wuri ɗaya ba.

Rana mafi muni ita ce ta zoben ƙugu. Ya matse wani siririn ɓangare a cikin ƙarfen, ya ɗan ƙara juyi, sai ya ji ɓas. Ya rabe gida biyu, ɗaya ɓarin ya yi tsalle ya faɗa rariya. Muttaka ya ture kututturen da ƙafa, ya tashi yana jan jiki ya shige ɗaki. Ya kwana biyu bai taɓa komai ba. Barira ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma kwashe kayan ba, sai dai ta rufe su da faifai saboda kaji.

Umara ne ya zo ya tarar da shi a haka. Ya ɗauki guntun da ya rage ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"A kan wannan kake kumburi? Kai da ka taɓa yanke silifas ɗina ka toshe injin wani manomi da shi, ya yi rani guda yana aiki?"

"Da hannu biyu na yi."

"To yanzu kana da ɗaya da rabi. Ga na Barira biyu. Ni ma in ka matsa na ara maka ɗaya, amma da yamma, da safe ina ruwa."

Muttaka ya yi tsaki, amma bayan tafiyar Umara ya sa aka kawo masa buhun tsofaffin kayan inji. Ya tono wani murfin roba mai lanƙwasa irin ta zoben, ya zana, ya yanka, ya yi ta gogawa. A wajen gugar nan ne wani abu ya faru da bai zata ba. Robar tana zamewa, sai babban yatsansa na dama ya ɗan matso ya tare ta. Kaɗan ne, kamar motsin kunnen akuya. Ya tsaya ya zuba wa yatsan ido. Ya ce wa yatsan ya sake motsawa, ya kuwa sake.

Bai gaya wa kowa ba. Mansura ce ta gano. Wata Laraba ta zuba masa wake, ya tsinci ɗaya da yatsu biyu ya ɗaga, ya faɗi, ya sake ɗauka.

"Baba, ashe ka fara matsa ƙwallon da na ba ka."

"Ƙwallonki yana ƙarƙashin gado."

"To me kake yi?"

Ya ji nauyin faɗa. Barira ce ta ciro wayarsa ta nuna mata hoton jirgin, rabi a haɗe, abin shanya a cake ko'ina a jikinsa. Mansura ta buɗa hoton da yatsa ta daɗe tana kallo, tana tambaya wannan da me aka riƙe, wancan da wane yatsa. Sannan ta ce a ƙarshen damina sashensu zai tara masu irin lalurarsa da iyalansu, a yi hira a ƙarfafa wa juna gwiwa.

"Ina da mutanen da suka sallama, Baba. Na yi magana har na gaji. Ka gama wannan ka kawo shi ranar."

"Dariya za su yi. Tsoho da abin wasa."

"Su yi. Wasunsu tun da suka kwanta ban ga haƙoransu ba."

Tun daga nan aikin ya samu wa'adi. Ruwa ya sauka, fadama ta yi kore, Muttaka yana ƙarƙashin rumfa da jirginsa. Ya koma zauren Watsaf ya sa hoto, mutanen da bai taɓa gani ba suka yi ta murna da dawowarsa, wani daga Jos ya turo masa bidiyon yadda ake riƙe burushi da hannu mai rawa, a jingina gwiwar hannu a kan matashi. Ya shafa wa jikin jirgin fenti ruwan toka da hagu, ya yi kyau. Da aka zo kan siraran layukan da suka bi gefensa, sai rigima ta tashi. Ya gwada, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Ya goge ya sake, haka. Barira ta ce ya kawo.

"So nake a ce ni na yi."

"Malam, hannun amare nawa na zana a garin nan? Ko sau ɗaya ka taɓa jin an ce ba amaryar ba ce ta yi kyau? Kawo."

Ya ba ta yana ɓata rai. Ta ja layi ja tun daga hancin jirgin har bayansa ba tare da ta ɗaga hannu ba. Ya duba ta sama, ya duba ta gefe, bai ga aibu ba, sai ya ce ta yi ɗaya ɓarin ma. Ita ce kuma ta raɗa wa jirgin suna Gauraka, wai saboda dogon wuyansa, ta rubuta sunan da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin tagogin gaba.

Fitilun kuwa ya ce ba mai taɓa masa. Wayoyi ne sirara kamar gashi, dole a riƙe biyu a murɗa su tare. Ya yi ta fama, suna kuɓucewa, yatsun suna rawa, gumi yana ɗiga a kan zanen kwalin. Ranar da ya murɗa ta farko ta kama, ya haɗa da batir, ƙwan fitila ɗaya ya kawo haske shuɗi a cikin tafin hannunsa. Ya ƙwala wa Barira kira da ƙarfin da ya sa ta fito da gudu da muciya a hannu, ta zaci faɗuwa ya yi.

Ana saura kwanaki kaɗan taron, kogi ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya haye gonaki, ya yanke hanyar da ke fita daga ƙauyen zuwa titi. Babur ba ya wucewa, sai kwale-kwale. Mutane suka ce ya haƙura, wa zai ɗauki marar lafiya da kayan roba a kan wannan ruwa. Muttaka ya aika wa Umara.

Da sassafe suka fito. An kwantar da Gauraka a cikin dogon kwali, an kewaye shi da tsofaffin zannuwan Barira, an rufe da leda. Umara ya share tsakiyar kwale-kwalensa, ya shimfiɗa buhu, ya ce yau dai zai ga ranar da jirgi ya hau jirgi. Muttaka ya zauna ya ɗora kwalin a cinya, Barira a bayansa. Ruwa ya shafe komai, sai kawunan itatuwa da dogayen ciyayin kachalla da suka toshe hanyoyin da aka saba bi. Umara yana tura gora yana lalubo mashiga, tsuntsaye suna tashi daga cikin ciyawa. A wani wuri suka wuce saman gonar da Muttaka ya faɗi, bai gane ta ba sai da Umara ya nuna masa bishiyar da ke bakinta.

Sun kusa tudu ke nan sai ƙasan kwale-kwalen ya daki wani abu a ƙarƙashin ruwa. Suka yi gefe, ruwa ya ɗan shigo, Barira ta yi salati, kwalin ya zame ya bugi katako kafin Muttaka ya tare shi. Duk suka ji ƙarar wani abu a ciki. Umara ya daidaita su ya kai su gaɓa.

"A buɗe a gani?" in ji Barira.

"Bari sai mun je. In na gani a nan ba zan ƙarasa ba."

Daga bakin titi suka samu mota zuwa Haɗeja. Umara ya ɗaure kwale-kwalensa ya ce shi ma sai ya ga ƙarshen abin.

A wata doguwar baranda aka yi taron. An jera benci, ga masu keken guragu, ga masu sanda, ga 'ya'ya da mata da suka rako su. An yi addu'a, wani likita ya yi bayani a kan gishiri da shan magani, mutane suna gyangyaɗi. Sannan Mansura ta ce akwai wani bawan Allah daga wajen Auyo da ya zo da abin da zai nuna. Aka sa tebur a tsakiya. Muttaka ya taka a hankali ya ajiye kwalin, ya yaye leda, ya ɗaga zanin farko.

Ɗaya daga cikin injinan baya ya ɓalle. Yana rataye da siririyar waya, ɗaya wayar ta tsinke.

Barira ta matso ta yi ƙasa da murya. "Malam, mu juya wancan gefen wajen bango. Ba wanda zai lura."

Muttaka ya dubi injin, ya dubi mutanen da suka miƙo wuya. Sai ya ce, "Miƙo min jakar." Dama ya sako gam da matsefata da ɗan guntun samfefa, don bai taɓa fita aiki ba tare da kayan gyara ba.

Ya zauna a kujera, ya fito da jirgin gaba ɗaya ya ɗora a kan mazauninsa. Wani ya ce, "Kai! Wannan kuma mene ne?" Wata tsohuwa ta tambaya ko na Makka ne. Aka yi dariya. Muttaka ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jirgi ne na tafiya cikin taurari. Babu shi a duniya, zane ne aka yi, ni kuma na haɗa. A hanya ya karye. Ku ba ni ɗan lokaci."

Ya kankare tsohon gam. Ya fere bakin wayar da ta tsinke. Sannan ya ɗago hannun damansa da hagu ya jingina gwiwar a kan tebur, a gaban kowa, yatsun suna karkarwa. Ya kama wayar farko, ta kuɓuce. Ya sake kamawa, ta sake kuɓucewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mansura ta taka za ta zo, Barira ta riƙe mata hannu. A karo na gaba babban yatsa da manuni suka haɗu a kan wayoyin, ya riƙe, ya murɗa da hagu, ya murɗa, suka kama. Ya ɗiga gam kaɗan a bakin karayar, ya mayar da injin mazauninsa.

Yanzu sai an riƙe har gam ya sha, shi kuma yana buƙatar hagunsa don ya tura wayar ciki. Ya ɗaga kai. A benci na gaba akwai wani dattijo mai farin gemu, Alhaji Baƙo, tsohon dillalin kifi, wanda tun da aka fara taron bai ɗago kai ba, hannunsa na hagu a naɗe cikin babbar riga. Yanzu kuwa ya zuba wa tebur ido.

"Alhaji, taimaka ka danne min nan."

"Ni? Hannun ba ya aiki."

"Ba aiki zai yi ba, dannewa kawai. Nawa ma da haka ya fara."

Ɗan Alhajin ya fara cewa a bar shi, amma dattijon ya riga ya zaro hannun daga cikin riga. Aka matso da shi. Muttaka ya ɗora dunƙulallen hannun a kan injin, ya gyara masa zama. Suka tsaya a haka, kawunansu kusa da juna, suna jiran gam.

"Saki a hankali," in ji Muttaka.

Injin ya zauna daram. Muttaka ya lalubi ɗan makunnin da ya ɓoye a ƙarƙashin mazaunin, ya danna da manunin damansa. Tagogin nan masu kama da riɗi suka kama da farin haske tun daga hanci har ƙugu, zoben ya kewaye da shuɗi, injina huɗun suka yi ja, har da wanda aka gyara yanzu.

Barandar ta kaure. Masu kabbara na yi, masu tafi na yi, wanda ba ya iya tafi yana buga sandarsa a ƙasa. Wata mata ta rangaɗa guɗa, ma'aikata suka leƙo daga ɗakuna. Umara ya bi layi yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya ɗauko jirgin nan a nasa jirgin, kuma tun farko shi ya san abin zai yi kyau. Barira ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Muttaka kuwa yana zaune yana dariya, dariyar da ɓarin bakinsa ɗaya bai gama bi ba, bai kuma damu ba.

Aka yi ta zuwa kallo. Wani ya tambayi yadda ake yanke robar, wata ta ce mijinta tela ne kafin ya kwanta, ko zai iya irin wannan. Muttaka ya yi magana a ranar fiye da yadda ya yi tun farkon ciwonsa. Da taro ya watse Mansura ta ce ko zai bar jirgin a ɗakin gashi na ɗan lokaci, inda masu zuwa za su riƙa ganinsa. Ya dubi Barira, tunda layukan nata ne. Ta ce a dai sa shi inda yara ba za su kai ba.

Suna shirin fita Alhaji Baƙo ya sa ɗansa ya turo kekensa ya tare su a bakin ƙofa.

"Malam Muttaka, akwai ƙarami? Wanda bai kai wannan wuya ba?"

"Akwai wani da ban buɗe ba. Injinsa ɗaya."

"To ka zo da shi ranar Laraba. Ka zo da gam ɗin ma." Ya juya ya dubi ɗansa. "Kai kuma je ka wajen yaranmu a kasuwa, ka ce su zaɓo banda mai kyau a ba baƙin nan. Ba za su hau ruwa da yunwa ba."